Launi Ma Ilimi Ne: Mu Koya Wa 'Ya'yanmu Tun Daga Gida

A yawancin gidajenmu na New Bell da kewaye, idan aka nuna wa yaro tutar Kamaru aka tambaye shi launukanta, nan take zai jero su da Faransanci. In aka ce ya faɗa da Hausa, sai ya tsaya a kan ja, ya rasa kore da rawaya. Laifin ba na yaron ba ne. Makaranta ta koya masa nata, mu kuma mun bar namu. Galibi ma mukan ɗauki zane wasa ne na ɓata takarda.

Alhali kuwa launi tsohuwar sana'a ce a wurin Bahaushe. Marinar Ƙofar Mata da ke Kano, wadda ake danganta kafuwarta da shekarar 1498, har yau ana rini a cikinta da baba da toka da kanwa. Zane yakan fito daga karofi da kore-kore, sai iska ta buge shi ya rikiɗe ya zama shuɗi. Haka kuma mai zayyanar allon sauka ya san inda zai sa ja da inda zai sa rawaya. Harshenmu kansa ya ɗauko sunayen launuka daga abin da ido ya saba gani: ruwan goro, ruwan ɗorawa, ruwan toka, ruwan ƙasa.

Tushen darasin bai da wuya. Launuka 3 ne iyaye a wurin mai fenti: ja, rawaya da shuɗi. Ja da rawaya su ba da ruwan goro. Rawaya da shuɗi su haifi kore. Ja da shuɗi su fitar da shunayya. Fari yana sassauta launi, baƙi yana ƙara masa duhu. Kada mu faɗa wa yaro amsar tun farko. Mu ɗiga masa launuka biyu a murfin kwalba, mu ba shi tsinke ya gauraya da kansa, sannan mu tambaye shi sunan abin da ya fito. Abin da hannu ya yi, kai ba ya saurin mantawa.

Wanda bai da kuɗin fenti, madafinsa ya wadatar. Ruwan zoɓo ja ne. A matsa masa lemun tsami ya ƙara haske, a sa masa ɗan jiƙon kanwa ya yi duhu ya karkata zuwa kore. Kurkum rawaya ne, amma da ya haɗu da kanwa sai ya koma ja. Bular wanki ta ba da shuɗi, gawayi da ƙaro su ba da baƙar tawada irin ta makarantar allo. Sai dai babba ya zauna kusa, domin ƙaramin yaro komai baki yake kai wa.

Daga nan sai a fita da darasin waje. A Kasuwar Furanni ta Bonapriso, ko a rumfunan atamfa na Marché Congo, mu tambayi yaro: me ya sa jan fure ya fi fitowa a cikin koren ganye? Ta haka zai gane cewa akwai launukan da ke fito da juna. Damina kuma tana da tsawo a Duwala, bakan gizo ba ya wuyar gani. Mu gaya masa cewa wani malami Musulmi, Kamaluddin al-Farisi, ya bayyana yadda haske ke karyewa a cikin ɗigon ruwa tun farkon ƙarni na 14, ta hanyar gwaji da kwalba mai cike da ruwa.

Iyayen da ke ƙyamar zana surar mai rai ba su da abin damuwa a nan. Dagi, da adon hula, da zanen lalle, da ganye da furanni sun ishi yaro aiki shekara guda.

Akwai kuma wata fa'ida. Idan yaro ya girma yana ta rikita ja da kore, kada a yi masa tsawa. Wasu da haka ake haihuwarsu, kuma ya fi yawa ga maza. A kai shi likitan ido, a kuma sanar da malaminsa.

Rabin sa'a a ranar Lahadi ta isa. Da ita yaro zai sami kaifin ido, da haƙurin hannu, da kalmomin kakanninsa. Allah Ya raya mana zuriya, Ya sa mu dace.