Ko Ka San Abin da Ke Cin Igiyar Masu Wasan Laima a Teku?

Ko ka san igiyar da ke jan mai wasan zamiya a teku da laimar iska kaurinta bai wuce milimita 2 ba, amma sabuwarta kan jure nauyin kilo 300 zuwa 500 kafin ta tsinke? Wasan ya yi suna a Tarifa ta ƙasar Sifaniya da Cape Town ta Afirka ta Kudu, har ya shiga gasar Olamfik a 2024, inda aka fafata a gaɓar Marseille. Ɗan wasa yana tsaye a kan allo, laima tana sama, igiyoyi huɗu ne ke haɗa su, na gaba da na baya, kowace tsawonta wajen mita 24.

Yawanci da zaren Dyneema ake saƙa su, wani nau'in roba da kamfanin DSM na ƙasar Holan ya ƙirƙiro. Ba ya jiƙa, ba ya nutsewa, ja kuwa ba ya ba shi tsoro. Gugar jiki ce ajalinsa. Kamar igiyar guga ce, wadda bakin rijiya ke cinyewa tun kafin nauyin ruwa ya gajiyar da ita.

Yashi ne babban mai laifi. Duk sanda aka shimfiɗa igiya a gaɓa, ƙwayoyinsa sai su kutsa cikin saƙar, in an ja su riƙa yanka siraran zaren daga ciki, inda ido ba ya kaiwa. Kafin a ga igiya ta fara yin gashi a waje, ɓarna ta yi nisa. Ga kuma zafi: zaren yana narkewa a wajen digiri 145 na ma'aunin Salshiyos, don haka in igiyoyi biyu suka sarƙe suna gugar juna da ƙarfi, nan take ɗaya kan yanke ɗayar. Shi ya sa masu yawan juyi a sama suka fi lura da wurin da igiyoyin gaba ke murɗewa.

Ƙulli kuwa, ko ɗaya tak, yana iya rage ƙarfin igiya da kusan rabi, saboda lanƙwasar tana ɗora nauyin a kan wasu zaren, sauran suna hutawa. A ganina wannan ya fi yashi haɗari, domin ganganci ne zalla: mutum ya ga ƙulli, ya ce bari in dawo tukun.

Wani abin mamaki, tsohuwar igiya ba miƙewa kawai take yi ba, takan ma gajarce. Yashi yana kumbura saƙar, sai tsawonta ya ragu, musamman igiyoyin baya da ake tuƙi da su, tun da ba su ɗaukar nauyi sosai balle su miƙe. Daga nan laima sai ta fara gardama, tana ja da baya tana neman faɗowa. Gogaggun 'yan wasa kan ɗauraye igiyoyin da ruwan daɗi, su bi su da yatsu suna laluben kaushi, sannan su ɗaure bakinsu a wuri guda su ja, su ga ko tsawonsu ya zo daidai.