Get da Gagner: Wacce Ta Fi Kusa da Samu a Kasuwannin Abijan?

Ɗan kasuwar da ya taso daga Kano, ya biyo ta Legas da Akara, ya tsallaka iyaka a Noé ya sauka a Treichville, yana tafe ne da guntun Ingilishi, kuma rabin guntun nan kalma ɗaya ce: get. Da ita ya yi ciniki a Alaba, da ita ya nemi masauki a Nima. A Abijan sai ya tarar ba ta da kasuwa. Wadda ke riƙe da gari ita ce gagner ta Faransanci, wadda 'yan'uwansa na Maraɗi da Tawa, masu sayar da abincin garba da masu gashin nama, suka daɗe da naƙalta.

Get tsohuwa ce. Ingilishi ya aro ta daga harshen mutanen arewacin Turai wajen shekara ta 1200, da ma'anar samun abu. Daga nan ta bazu. "Get money" samun kuɗi ne, "get to Adjamé" isa Adjamé, "get angry" fusata, "get up" tashi, "I get it" kuma na gane. Brokar Najeriya ta ƙara mata kaya: "I get shop" ina da shago, "e get one man" akwai wani mutum. Wahalarta tana cikin 'yan ƙananan kalmomin da ke binta. Sauya on da off kaɗai ya isa ya mayar da hawa mota sauka, kuma babu wata dabara sai hadda.

Gagner ba haka ta faro ba. Asalinta yana komawa ga kiwo da noma, wato abin da mutum ya ci da guminsa, kuma har yau a Faris tana nan kusa da wannan: cin gasa, cin riba, karɓar ladan aiki. A Abijan kuwa an sakar mata linzami. Bayan an buɗe mashigar ruwa ta Vridi a 1950 tashar jiragen ruwa ta kafu, leburori da 'yan tireda suka kwararo daga Mali, Nijar, Gini da ƙasar da yanzu ake kira Burkina Faso. Suka cika Treichville da Adjamé, suka koyi Faransanci a bakin titi, ba a aji ba. Harshen ciniki a lokacin Julanci ne, kuma yana da kalmar soro wadda ke ɗaukar samun kuɗi, samun haihuwa da samun masifa duka. Gagner ta Abijan ma tana ɗauke da wannan kaya gaba ɗaya.

Tsaya a tashar Adjamé da magariba ka ji. Yaron motar hayar da ake kira gbaka yana lilo a ƙofa, takardun sefa a naɗe tsakanin yatsunsa, yana kiran Abobo da Yopougon. Wata mata ta kutsa da roba a ka, ta zauna tana haki, ta ɗaga waya ta ce "j'ai gagné place". Ba gasa ta ci ba, wurin zama ta samu. Haka za ka ji "elle a gagné enfant", ta samu ƙaruwa, da "il a gagné travail", ya samu aiki. Abin da ke sa Bafaranshe ya yamutsa fuska shi ne "il a gagné accident". A kunnensa kamar an ce mutum ya ci ribar hatsari. A kunnen Bahaushe kuwa daidai take, don mu ma cewa muke yi ya samu hatsari, ya samu karaya, kamar yadda muke cewa ya samu sarauta. Samu ba ya tambayar ko ka nema. Rabo ne, mai daɗi ko maras daɗi.

Shi ya sa a ganina gagner ta Adjamé ta fi get kusa da mu, duk da get ta fi ta faɗin gona. Get tana shiga motsi da sauyin hali, inda Hausa ke da kalmominta daban. Gagner ta tsaya kan abin da ya faɗo hannunka, kuma Bakano yana iya zuba ta duk inda zai ce samu, da wuya ya yi kuskure. A makaranta dai dukkansu jan biro suke sha: malamin Treichville ba zai karɓi "gagner enfant" ba, kamar yadda mai duba jarrabawar WAEC ba zai karɓi "I get shop" ba.

Wuri ɗaya gagner ke rabuwa da samu, wato tsohuwar ma'anarta ta nasara, inda mu muke cewa ci. Ranar 11 ga Fabrairun 2024, da Kodebuwa ta doke Najeriya da biyu da ɗaya a wasan ƙarshe na kofin Afirka a filin Ebimpé, "on a gagné" ce ta cika titunan Adjamé har asuba. Hausawan Najeriya da ke cikin gari ba su buƙaci tafinta ba, sun san an ci su.