Ranar Tunawa da Aure a Ƙasar Turawa

Kowace ƙasa da irin al'adarta. Yau za mu karanta labarin wata al'ada ta mutanen Ingila da Amurka, watau tunawa da ranar da aka ɗaura musu aure.

Mu a nan, in an gama biki an kai amarya ɗakinta, shi ke nan. Da yawanmu ba mu riƙe ranar ba. In an tambaye mu, sai mu ce, "Da kaka ne, bayan an yanke gero." Su kuwa Turawa rubuta ranar suke yi. Kowace shekara in ta zagayo, miji da mata sukan yi wa juna kyauta, su tuna da alkawarin da suka ɗauka.

Har sun ba shekarun sunaye. Shekara 1 ita ce ta takarda. Shekara 5 ta katako. Shekara 25 ta azurfa. Shekara 50 ta zinariya. Shekara 60 ta lu'ulu'u. Kun ga ke nan, da aure ya ƙara daɗewa, sai darajarsa ta ƙaru.

Ga misali. Sarauniya Elizabeth ta Ingila, wadda ta zo hawan daba a Kaduna a 1956, an ɗaura aurenta ran 20 ga Nuwamba, 1947. Ita da mijinta sun yi bikin azurfa a 1972, na zinariya a 1997, na lu'ulu'u a 2007. Sun yi shekara 73 tare, har ya rasu a 2021. Tun 1917 kuma sarakunan Ingila suke aika saƙon murna ga waɗanda suka cika shekara 60 da aure.

To, yaya masu ƙananan yara suke yi? A Ingila, yawanci miji da mata da 'ya'yansu kaɗai ne a gida. Ba kaka, ba goggo, ba matar wa ko matar ƙane a kusa. Sau da yawa kuma su duka biyu suna fita aiki. In sun dawo, ga girki, ga wanki, ga kukan yaro da dare. Sai a yi kwana da kwanaki ba su zauna sun yi hira ba. In aka daɗe a haka, ƙaramar magana sai ta zama faɗa. Gidan da faɗa ya yi yawa kuwa, yara ne suke shan wahalarsa.

Don haka in ranar ta zo, sukan fita su biyu kawai. Waɗansu gidan abinci za su je da yamma, su dawo kafin dare ya yi nisa. Waɗansu kuma sukan yi kwana ɗaya ko biyu a wani gari.

Amma ba sa barin yara su kaɗai. A Ingila laifi ne a shari'a mutum ya bar yaro ba mai kula da shi, in hakan zai jefa shi cikin haɗari. Sukan kai yaran wurin kakanninsu, ko su nemi wata wadda suka amince da ita ta zauna da su, su biya ta. Kafin su fita, sai su rubuta mata takarda: lokacin cin abinci, lokacin barci, maganin da yaro yake sha, da lambar wayarsu. In jariri ne mai shan nono, sai su tafi da shi, ko kuma kada su yi nisa. Likitoci sun ce nonon uwa zalla ya kamata jariri ya sha har ya cika wata 6.

Ba lalle ne mu kwaikwayi dukan abin da suke yi ba. Mu ma muna da namu arziki, domin gidajenmu cike suke da dangi. Ko lokacin yaye, wurin kaka mukan kai yaro. Amma akwai abu uku da za mu ɗauka.

Na fari, mu riƙa rubuta ranar aure da ranar haihuwar kowane yaro. Tun da mun fara koyon rubutu, wannan ba zai gagare mu ba.

Na biyu, miji da mata su sami lokacin hira da godiya ga juna. Ba sai da kuɗi ba. Magana mai daɗi ma kyauta ce.

Na uku, in za mu biki ko kasuwa, mu bar yara a hannun babba mai hankali. Kada mu bar wa 'yar shekara 6 goyo. Mu kashe wuta, mu rufe rijiya, mu ɗauke kananzir da magani mu sa inda hannun yaro ba zai kai ba.

Tambayoyi:
1. Shekara nawa ake cikawa a yi bikin zinariya?
2. Me iyaye suke rubutawa a takarda kafin su fita?
3. Rubuta shekarar da aka ɗaura maka aure.