Dalilin Haɗa Magunguna Uku Wajen Yaƙi Da Ƙwayar HIV

Tambayar da na ke so in amsa ita ce: me ya sa likita ba ya ba mai ɗauke da ƙwayar HIV magani ɗaya, sai uku a haɗe?

Ita wannan ƙwaya ba ta iya hayayyafa da kanta. Sai ta kutsa cikin ƙwayoyin jini da a ke kira CD4, watau jagororin garkuwar jiki, ta mai da su barorinta. Ma'aikatan ofis za su fi saurin ganewa: tamkar wani ne ya cusa takardar jabu cikin fayil, akawu kuma ya yi ta buga kofe bai sani ba.

Umurnin da ƙwayar ta zo da shi da RNA a ka rubuta shi, jikin ɗan Adam kuwa da DNA ya ke ajiya. Tilas ke nan ta juya rubutun, kamar mai da ajami boko, kuma a nan rukuni biyu na magani su ke tare ta. AZT, wanda Amurka ta amince da shi a 1987, da tenofobir da lamibudin, su kan shiga a matsayin harafin ƙarya. Da zarar an ɗora shi, rubutu ya yanke. Su kuwa nebirafin da efabirenz, hannun marubucin su ke riƙewa. In an gama juyi, saura cusa takardar cikin fayil, wanda dolutegrabir ke hanawa. Akwai kuma masu dasashe almakashin da ƙwayar ke yanka kayan jikin 'ya'yanta da shi, irin su sakwinabir na 1995, har 'ya'yan su fito ba su iya kama kowa.

To, ga inda gizo ke saƙar. Marubucin nan mai yawan kuskure ne, ba ya duba aikinsa, ga shi kuma a na buga biliyoyin kofe kullum. Cikin kurakuran ba a rasa wanda zai sa magani guda ya daina ci; abin da ya sami AZT ke nan cikin 'yan watanni sa'ad da a ke ba da shi shi kaɗai. Amma da wuya ƙwarai kofe ɗaya ya tsallake shinge uku a lokaci guda. Wannan ne a ka nuna a taron Bankuba ta Kanada a 1996. Yau ƙwaya ɗaya da a ke ba yawancin masu karɓar magani a asibitocin Nijeriya ta ƙunshi tenofobir da lamibudin da dolutegrabir.

Sai dai babu ko ɗaya daga cikinsu da ke zare takardar da ta riga ta shiga fayil. Mai shan magani kan ƙa'ida, har awo ya kasa ganin ƙwayar a jininsa, ba ya sa wa abokin aurensa. In ya daina kuwa, cikin 'yan makonni ta kan dawo, kuma shan yau a bar gobe shi ne ke ba kofe mai taurin kai damar yaɗuwa.