Lissafin da ke tare wa matasan Zongon Kumasi ƙofar jami'a

A Gana, ɗalibin da ya gama sakandare sai ya samu tsakanin A1 da C6 a lissafin dole na jarrabawar WASSCE kafin jami'a irin KNUST ta ɗauke shi karatun digiri. D7 ba ta isa, ko da sauran darussan sun yi kyau. Shi ya sa matasan Zongo, Aboabo da Asawase ke komawa azuzuwan gyara, su biya kuɗi, su sake zama jarrabawar da ake kira Nov/Dec.

A ganina, aljabara ce ta fi kayar da su, alhali suna yin ta kullum a kasuwa. Ɗan Kejetia da ya biya sidi 650 kan kwalin sabulu uku haɗe da dakon sidi 50, nan take zai cire hamsin, ya raba saura uku, ya ce kowane kwali 200 ne. A takarda wannan shi ne 3x + 50 = 650. Cire hamsin ɗin daga ɓangarori biyu irin aikin da al-Khwarizmi ya bayyana ne a Bagadaza a ƙarni na 9, kuma daga sunan littafinsa kalmar aljabara ta fito.

Wahalar takan soma idan haruffa suka zama biyu, ko x ta ninka kanta. A nan lissafin ka ba ya wadatarwa, sai an rubuta mataki-mataki, domin masu duba takardun WAEC suna ba hanya maki, ba amsa kaɗai ba.

Wanda ya kai shekara 25 yana da wata ƙofar: jarrabawar shiga ta manyan ɗalibai da jami'o'i ke shiryawa. Can ma akasari lissafi na jiransa.