Kafin Ka Sa Hannu a Takardar Zuwa Sansanin Sikawut

A Kano ko Kaduna ko Gusau, ranar ɗan firamare tana somawa ne tun da assalatu. Uwa tana gaban murhu tana dama koko, tana zuba abinci a kula, tana cigiyar safa ƙafa ɗaya da ta ɓata tun jiya. Uba yana leƙa tankin babur, ko yana kiran mai adaidaita sahun da ke kai yaran. Ƙarfe bakwai da rabi yaro yana kan layi a filin makaranta, da kuɗin tara a aljihu. Sai wajen ƙarfe biyu ya dawo, ya yi azahar, ya ci abinci a tsaitsaye, ya sauya kaya, da la'asar yana Islamiyya. Gab da magariba ya shigo gida, bayan isha'i kuma a buɗe jaka a fito da aikin da malami ya bayar. Alhamis da Juma'a da Islamiyya ke hutu, malamin lesin ke cike gurbin. Asabar da Lahadi akwai hadda tun sanyin safiya.

Babu uban da ya tsara wannan don ya ƙuntata wa ɗansa. So ne, da tsoron kada a bar yaro a baya, a boko ko a addini. Amma a zauna a ƙirga awowin nan, za a ga kusan dukkansu a zaune yaron yake yin su, ana faɗa masa yana maimaitawa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce daga ɗan shekara 5 zuwa 17 ana so kullum yaro ya samu aƙalla minti 60 na motsa jiki mai sa gumi. Masana barci kuwa sun ce ɗan shekara 6 zuwa 12 yana bukatar awa 9 zuwa 12 a kwana. Yaron da ya kwanta ƙarfe goma da rabi aka tashe shi biyar da rabi, awa bakwai ya samu. Idan malami ya ce yana gyangyaɗi a aji, ba lalaci ba ne, bashin barci ne ke binsa.

A da, unguwa ce ke biyan wannan bukata ba tare da kowa ya tsara ba. Akwai dandali, akwai langa da 'yar gala-gala da carafke, akwai kiwo da aike da zuwa gona. A can yaro ke koyon faɗuwa ya tashi, ya yi rigima da sa'ansa su shirya babu babba a tsakani. Yau filayen an yanka su fuloti, ƙofofin gidaje a garƙame, abin da ya rage wa yaro shi ne wayar uwarsa.

To, ana cikin haka sai wata rana yaro ya shigo da takarda daga makaranta: 'yan sikawut za su fita sansani na kwana uku, ana neman izinin iyaye. Ya tsaya yana murza hannu yana cewa, "Baba, don Allah ka bar ni in je, duk 'yan ajinmu za su." Abin da na fi gani a wurin iyaye iri biyu ne. Wani ko karanta takardar ba zai yi ba zai ce babu inda za a je. Wani kuma zai sa hannu yana amsa waya, ya miƙa kuɗin, bai san ko a wane gari za a kwana ba. Duk biyun sun tauye yaron, kuma na biyun ya fi ba ni tsoro.

Ya kamata a fara sanin mene ne abin. Wani hafsan sojan Ingila, Robert Baden-Powell, shi ya kwashi yara 20 daga gidajen masu hali da na talakawa ya kai su tsibirin Brownsea a watan Agustan 1907. Ya raba su rukuni huɗu, kowane rukuni da shugabansa daga cikin yaran. Daga wannan gwaji ƙungiyar ta tsiro. Ta 'yan mata ta biyo baya a 1910, a 1916 kuma aka buɗe sashen ƙanana waɗanda ba su kai shekara 11 ba. Sikawut ya shigo Najeriya a 1915, ƙungiyar ƙasar ta shiga ta duniya a 1961. Wato iyayenmu da kakanninmu da suka yi makarantun gwamnati sun san ɗan ƙyallen wuyan nan da usur. Kuma mu a nan fita sansani ba baƙon abu ba ne, domin 'yan agajin ƙungiyoyin addini da matasan majami'u duk suna yin nasu.

Asirin tsarin yana cikin ƙaramin rukuni na yara shida zuwa takwas. Su ke kafa tantinsu, su ɗebo ruwansu, su raba aikin girki da wanke-wanke, babba yana gefe yana sa ido. Idan ba a ɗaure igiyar tanti da kyau ba, cikin dare zai rufto musu, gobe ba sai an yi wa kowa faɗa ba. Yaron da a gida ko kofin da ya sha shayi ba ya ɗaukewa, a can zai gane cewa idan bai wanke kwanonsa ba, a cikinsa zai ci na rana. Zai koyi ƙulla igiya, da ɗaure rauni, da gane gabas ba tare da an nuna masa ba, da tashi sallar asuba babu uwa a kansa. Mai kunya zai samu ranar da dole shi zai yi magana a madadin 'yan rukuninsa. Ban san wani darasin aji da ke ba da wannan a cikin kwana uku ba.

Duk da haka, uban da ya ce a'a ba shi da laifi idan ya tuna abin da ya faru. An kwashe ɗalibai sama da 300 a Ƙanƙara a Disambar 2020, an ɗauki 'yan mata 279 a Jangebe a Fabrairun 2021, a watan Mayun shekarar aka sace 'yan Islamiyya ƙanana a Tegina, sannan aka kwashe ɗaliban Kuriga a Maris na 2024. Wanda ya ga waɗannan ba za a ce masa ya saki jiki ba. Saboda haka tambayar farko ita ce wuri. A halin da ake ciki, sansanin ƙananan yara ba shi da dalilin zama a daji ko a bayan gari. Harabar makaranta mai katanga a cikin gari, ko filin wata hukuma mai masu gadi, ya wadatar. Tanti tanti ne ko a ina aka kafa shi. A tambaya ko an sanar da ofishin 'yan sanda na yankin da mai unguwa. A tambayi motar da za ta kwashe su, da yawan yaran da za a zuba a ciki, a kuma ƙi yarda da tafiyar dare ko da an ce an makara.

Kada kunya ta hana ka zuwa makarantar da ƙafarka. Ka samu jagoran ka ce, "Malam, manya nawa ne za su kwana da yaran nan, kuma su wane ne?" Jagora na gari zai ji daɗin tambayar, ya ba ka sunaye, ya nuna maka shaidar rajistarsu da ƙungiyar sikawut ta jiha, ya ba ka lambar da za ka same shi ko da tsakar dare. Wanda ya ɓata rai ya ce ai ba a yarda da shi ba, ya riga ya ba ka amsa.

Akwai wata magana da bakinmu ke nauyin faɗa, amma dole a faɗe ta. Duk inda aka tara yara nesa da iyayensu, mai mugun nufi yana iya raɓowa, kuma sau da yawa ba baƙo ba ne, wanda aka amince wa ne. A Amurka, ƙungiyar sikawut ta maza ta shiga kotu a 2020 tana neman kariyar fatara, mutum sama da 80,000 suka shigar da ƙorafin cewa an ci zarafinsu suna yara, wasu tun shekaru da dama da suka wuce. Shiru ne ya ba abin damar daɗewa. Ƙungiyar sikawut ta duniya ta amince da manufar kare yara daga cutarwa a taronta na 2017, kuma ƙa'idar da ake bi a wurare da yawa mai sauƙi ce: babba ɗaya ba ya keɓewa da yaro ɗaya, babba ba ya kwana a tantin yara, ba a haɗa manyan samari da ƙanana a makwanci. Idan 'yan mata ne, jagorori mata ne za su kwana kusa da su, da makewayinsu daban. Sauran aikin na gida ne. Uwa ta zaunar da ɗanta ta gaya masa a fili cewa babu wanda ke da ikon taɓa masa tsiraici ko ya kira shi wani lungu shi kaɗai, ko malami ne, kuma duk abin da aka ce masa kada ya faɗa wa Umma, shi ne abin da zai fara faɗa. Yaron da ya tabbata ba za a doke shi ba idan ya kawo irin wannan magana, shi ne yake kawo ta.

Sai lafiya, kuma a nan lokacin shekara ne ke yanke hukunci. Dogon hutu yana faɗawa ne a tsakiyar damina, lokacin sauro da ciyawa da kududdufai. Gidan sauro ya zama cikin jaka kafin komai. A hana yara wanka a rafi ko kududdufi ko da sun ce sun iya iyo. Takalmi rufaffe da tocila wajibi ne saboda maciji da kunama, kuma a koya wa yaro ya zazzage takalminsa kafin ya zura ƙafa. Idan tsautsayi ya gitta maciji ya sari yaro, ba a tsaga wurin, ba a tsotsa, ba a ɗaure shi tamau. A hana shi tafiya, a ɗauke shi zuwa asibiti nan take. Shi ya sa ake tambayar asibiti mafi kusa da kuma ko akwai motar da za ta kwana a wurin. Hutun Disamba na hunturu ne, sai bargo da rigar sanyi da man shafawa. Na Afrilu kuwa shi ne mafi haɗari, domin zafi a garuruwanmu yana haura digiri 40. A babban taron sikawut na duniya da aka yi a Koriya ta Kudu a Agustan 2023, wanda ya tara mutum kusan 40,000, zafi ya kwantar da ɗaruruwa, har tawagogin Birtaniya da Amurka suka bar filin tun kafin a tashi. Idan ƙasa mai irin wannan ƙarfi ta gaza wadata yara da inuwa, kada a ɗauka makarantar unguwa za ta yi ba tare da an tuna mata ba. A tambayi inda ruwan sha zai fito, da ko akwai ƙunshin gishiri da sukari na masu gudawa a akwatin magani.

Ina roƙon iyaye kada su ɓoye larurar yaro don gudun a hana shi zuwa. Mai sikila, mai asma, mai farfaɗiya, mai fitsarin kwance, duk a rubuta wa jagora, a ba shi maganin a hannunsa da bayanin yadda ake sha. Mai sikila musamman, sanyi da ƙishirwa da gajiya ke tayar masa da ciwo, don haka a nemi shawarar likitansa kafin a amince.

Ba kowane yaro ne ya isa kwana a waje ba, kuma shekaru kaɗai ba su ne ma'auni ba. Ɗan shekara bakwai da bai taɓa kwana ko a gidan kakarsa ba, a fara masa da sansanin yini, ya je da safe ya dawo da yamma. A gida ma ana iya share fage: a bar shi ya yi wanka da kansa, ya ninke kayansa, ya wanke safarsa, ya haddace lambar wayar babansa. Ranar haɗa kaya kuwa, uwa ta daure ta zauna a gefe ta bar shi ya zuba da hannunsa, ita tana karanto abin da aka rubuta. Jakar da uwa ta shirya, yaro ba ya sanin abin da ke cikinta. Sai ya kwana yana rawar ɗari alhali rigar sanyi na ƙasan jakar. A rubuta sunansa a kan kwano da kofi da buta. Kada a ba shi waya mai tsada ko kuɗi masu yawa.

Batun kuɗi kuma, kada a ci bashi a kansa. Yunifom ɗin yayansa ko na ɗan maƙwabci ya isa, tabarma tana maye gurbin katifa. Idan kuɗin da aka yanka ya yi yawa, taron iyaye da malamai shi ne wurin da za a nemi a baje lissafi, a kuma duba yadda za a ɗauke wa marayu da marasa hali, tunda tun sansanin farko ba na 'ya'yan masu kuɗi kaɗai ba ne.

Idan ya dawo, zai dawo da datti da dasasshiyar murya da labari ba iyaka. A ajiye waya a saurare shi, a tambaye shi wanda ya kwana kusa da shi, da abin da ya fi ba shi wahala, da ko akwai abin da bai ji daɗinsa ba. A lura idan ya yi shiru fiye da yadda aka san shi, ko ya ce ba zai ƙara zuwa ba amma ya ƙi faɗin dalili. Wannan abin bincike ne cikin lallashi. A duba jikinsa ko akwai rauni ko ƙuraje. Zazzaɓin cizon sauro yakan ɗauki mako guda zuwa biyu, wani lokaci fiye, kafin ya bayyana, don haka idan jikinsa ya yi zafi a cikin makonnin nan a kai shi a gwada jini, a kuma gaya wa ma'aikacin lafiya inda ya kwana.