"Classe tous risques": fim ɗin da aka manta, yau ana neman fostarsa ruwa a jallo

A watan Maris na 1960, finafinai biyu suka fito a gidajen silima na Faransa, mako ɗaya tsakani, kuma Jean-Paul Belmondo na cikin kowannensu. "À bout de souffle" na Jean-Luc Godard ya yi suna a duniya. "Classe tous risques" na Claude Sautet kuwa, hayaniyar na farkon ta binne shi.

Labarin Abel Davos ne, wanda Lino Ventura ya fito a matsayinsa, ɗan fashin da aka yanke wa hukuncin kisa a bayan idonsa. Bayan wani fashi a Milan, ya tsallako gaɓar Faransa ta teku. Nan aka yi musayar wuta da jami'an kwastan, matarsa da abokinsa suka mutu, ya rage da ƴaƴa biyu ƙanana. Tsofaffin abokansa na Paris, waɗanda suka ci arzikinsa a da, suka noƙe. Sai suka turo masa baƙo, wato Belmondo, da motar asibiti. Cin amana shi ne ƙashin bayan fim ɗin, ba harbi ba. José Giovanni, marubucin littafin da aka ɗauko labarin, shi kansa ya yi shekaru a kurkuku.

Fim ɗin ya farfaɗo a 2005 da kamfanin Rialto ya sake nuna shi a Amurka, sannan Criterion ya fitar da shi a faifan DVD a 2008.

Daga nan masu tara kayan silima suka ƙara sa ido kan fostocinsa na asali. A wancan zamani ba a buga fosta don ajiya. Liƙawa ake yi, in fim ya wuce a yage ta, shi ya sa wadda ta tsira take da daraja. Ga kuma bambancin suna: "Asfalto che scotta" a Italiya, "The Big Risk" a Amurka, kowace da zanenta.

Mai saye ya lura: babbar fostar Faransa santimita 120 ce da 160, kuma a ninke ake aika ta gidajen silima. Wadda ba ta da layin ninki, tana ta sheƙi, mai yiwuwa sabon bugu ce.